Wai da gaske kowane jinsin mage da halinsa, ko zancen masu sayarwa ne?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon maguna. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina so waɗanda suka sani da gaske su amsa min. Ina son in ɗauko mage mai asali, irin waɗanda ake haɗo wa da takardar zuri'a, to duk inda na leƙa sai in ga an rubuta wai Ragdoll ba ta faɗa, Persian shiru-shiru ce, Siamese surutu, Bengal ƙiriniya, kowacce an yanke mata halinta tun kafin a haife ta. Ni kuma abin bai shige ni ba, don ƙawata tana da Ragdoll da takardunta da komai amma kina kai hannu cikinta za ta kafa miki haƙori, in baƙo ya shigo kuwa ba mai sake ganinta sai ya tafi. Shi ne nake cewa anya wannan zancen hali ba dabarar masu sayarwa ba ce kuwa? Ina da yara ƙanana biyu kuma da rana gidan ba kowa sai yamma muke dawowa. Wacce za ta dace da mu, ko duk ɗaya ne in ɗauki wadda ta fi min kyau a ido kawai?

DanMalam88:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki ajiye wannan zancen, mage mage ce. Yadda kika rene ta haka za ta tashi. Masu sayarwa ne suke ƙawata abin don hajarsu ta fita, in ba haka ba ta ina takarda za ta san halin dabba? Ki ɗauki wadda ranki ya kwanta da ita tun tana ƙarama ki saba mata da yaranki shi kenan.

Zee_Kuliya:
@DanMalam88 a'a wlh ban yarda ba, kai dai da alama ba ka taɓa zama da Siamese ba ne. Ni a ɗaki ɗaya na reni Siamese da British Shorthair, hannu ɗaya, kulawa ɗaya, amma ko kusa halinsu bai zo ɗaya ba. Siamese ɗin in na shiga banɗaki tana bakin ƙofa tana kuka, in ina waya sai ta sa baki, duk inda na cire ƙafa nan take mayar da tata. British ɗin kuwa miskila ce ta gaske, za ta zo ta kwanta kusa da ke a kan kujera ta yi awanni amma kar ki kuskura ki ce za ki ɗaga ta, nan take za ta zame ta sauka. Ba ta cizo ba ta yaƙushi, kawai dai ba ta son runguma. To in tarbiyya ce kaɗai me ya raba su? Maman Ilham tunda kin ce gidan ba kowa da rana ki cire Siamese daga lissafi, kaɗaici yana damunsu sosai.

Hajjo_Mai_Persian:
Ni Persian nake da su kuma gaskiya abin da ake faɗa a kansu haka yake, ba su da hayaniya, ba sa hawa labule, kukansu ma a hankali. Amma fa su ma ba sa son a yi musu hayaniyar. Ranar da jikokina suka zo gidan ya cika da guje-guje ƙarƙashin gado suke wuni. Sannan ga aikin gashi, kullum sai an taje in ba haka ba ya cukurkuɗe ya dunƙule har ya riƙa jan fatarsu, ga goge ido safe da yamma. 'Yata in ba ki da wannan lokacin kar kyansu ya ruɗe ki.

Baffa_Mai_Maguna:
Sannunku. Na daɗe ina wannan kiwo kuma abin da zan ce shi ne DanMalam da Zee kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiyar. Jinsi ba ƙarya ba ne, domin masu kiwo ba kala da tsawon gashi kaɗai suke zaɓa ba, wadda ta fi lafiyar hali ita ake bari ta hayayyafa, mai faɗa a cire ta, a haka a haka har abin ya zauna a zuri'a. Amma duk wanda ya taɓa karɓar haihuwa ya san a ciki ɗaya za a haifi biyar, ɗaya shi ne zai fara fitowa daga kwali ya hau ƙafarka, ɗaya kuma yana can lungu yana hura maka hanci, uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka jinsi zai gaya miki inda akasarinsu suka karkata, wannan ɗayar da za ki kai gida kuwa sai kin zauna da ita.

Game da Ragdoll ɗin ƙawarki, bari in ɗan yi bayani don akwai wata ƙarya mai haɗari a kansu. Wata mata ce mai suna Ann Baker ta fara kiwonsu a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1960, daga wata farar mage da ake kira Josephine. An yi ta yaɗa cewa wai mota ce ta buge Josephine shi ya sa 'ya'yanta suke sakin jiki in an ɗauke su, har wai ba sa jin zafi. Wannan ba gaskiya ba ne, haɗarin mota ba ya sauya abin da ɗa zai gada, kuma suna jin zafi kamar kowace mage. Ina jaddada wannan ne saboda kin ce kina da yara, kar a ce musu wannan ba ta jin komai su riƙa jan ta suna matse ta. Zancen ciki kuwa, maguna da yawa ko wane iri ne ba sa son a taɓa musu ciki. In ta kwanta ta baje miki shi alama ce ta amince da ke, ba cewa ta yi ki sa hannu ba. Shafa a kumatu da ƙarƙashin haɓa da gindin kunne suka fi so.

Maman_Ilham:
Ikon Allah. Baffa na gode, wlh mu duk ɗauka muke in ta juya cikin shafa take nema.

Dalibar_Kimiyya:
Bari in sa baki da abin da aka auna, don ba a bar zancen a bakin masu kiwo kaɗai ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland suka fitar da sakamakon nazari a kan maguna 5,726, jinsi 19, kuma sun ga bambanci a fili tsakanin jinsunan. Cornish Rex da Korat da Bengal su suka fi kazar-kazar, British Shorthair da Ragdoll da Birman su suka fi zama wuri ɗaya. Wajen neman kusanci da mutum Korat da Devon Rex ne a gaba, British Shorthair ce a ƙarshe, kun ga kenan abin da Zee ta gani a ɗakinta ba tata ce kaɗai ba. Russian Blue ta fi kowa jin tsoron baƙo, Burmese kuma ita ce ba ruwanta da baƙunta. Turkish Van tana cikin waɗanda aka fi samu da kai wa mutane farmaki. Sannan suka ɗauki jinsi uku, Maine Coon da Ragdoll da Turkish Van, suka bi takardun zuri'arsu don su ga nawa ne gado a ciki, sai suka samu kusan kashi 40 zuwa 53 cikin ɗari na bambancin halin da ke tsakanin magunan daga gado yake. Wato kusan rabi. Sauran rabin kuwa reno ne da muhalli da lafiya da abin da magen ta gamu da shi a rayuwa. To @DanMalam88 rabi ai ba ƙaramin abu ba ne da za a ce mage mage ce.

DanMalam88:
'Yar uwa na ji, amma ina da tambaya. Su masu binciken zama suka yi da maguna dubu biyar ɗin suna kallonsu, ko masu magunan aka tambaya? Don in masu su aka tambaya to wanda aka riga aka gaya masa Ragdoll mai sanyin hali ce ai abin da zai rubuta kenan, wanda ya sayi Bengal don a ce yana da mai ƙarfi shi ma zai ƙara gishiri. Mutum abin da yake tsammani shi yake gani.

Dalibar_Kimiyya:
@DanMalam88 masu su aka bai wa takardar tambayoyi suka cike, kuma wannan ƙorafin naka yana da tushe, irin wannan nazarin dole a karanta shi da wannan a rai. Amma akwai wani da ba a tambayi kowa ba, gwaji aka yi. A 1995 wata mai bincike Sandra McCune a Ingila ta ɗauki 'ya'yan muzurai biyu, ɗaya mai son mutane ɗaya mai gudun mutane, kuma 'ya'yan ba su taɓa haɗuwa da iyayen nasu maza ba balle a ce koya suka yi. Wasu aka riƙa ɗaukarsu ana wasa da su suna ƙanana, wasu aka bar su. Da suka shekara aka gwada su da mutum, waɗanda ubansu mai son mutane ne kuma aka saba musu da hannu su suka fi kowa sakin jiki, waɗanda ubansu mai tsoro ne kuma ba a saba musu ba su suka fi hura hanci da ɓuya. Har da aka ajiye musu wani abu da ba su taɓa gani ba, 'ya'yan uba mai son mutane ne suka fi saurin matsowa su shinshina. Ka ga nan gado da reno duka sun yi aiki a tare.

Abu_Sudais:
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni wannan na uban ya fi ɗaure min kai, don kowa uwa yake dubawa in zai ɗauko.

Sadiq_Bengal:
Tunda an ambaci Bengal bari in yi magana a matsayina na mai ita, kuma Malam DanMalam ba gishiri zan ƙara ba. Ba ƙofar da ba ta iya buɗewa in dai mai mariƙin dannawa ce, famfo in ta ji an kunna ta iso kenan ta sa hannu a ruwan, saman firij da saman wadrob nan ne wajen zamanta, kuma in ban yi wasa da ita ta gaji ba kafin dare to ba mai barci a gidan, za ta yi ta zagaye tana kuka tana ture kaya ƙasa. Mutane suna ganin zanen jikinta su ce suna so, bayan 'yan watanni ka ji suna neman wanda zai karɓa wai ta fiye ɓarna ko mugunta, alhali ba mugunta ba ce, dabba ce mai kuzari da kaifin ƙwaƙwalwa aka kulle ta a ɗaki ba abin hawa ba abin farauta. Ni abin yana min ciwo wlh don laifin ba nata ba ne. Da na sama mata katakon hawa mai tsayi da abin wasa mai gashin tsuntsu a sanda, kuma na riƙa ɓoye mata abincinta tana nema, sai ta natsu sosai. Tana da son mutane amma irin na mu yi wasa, ba irin na zo in kwanta a cinyarka ba. Maman Ilham da yanayin gidanki ban ba ki shawarar Bengal ba sam.

Anty_Rabi:
Sadiq wai da gaske ne jinin damisa gare su? Ni tsoronsu nake.

Sadiq_Bengal:
Anty ba damisa ba ce, wata ƙaramar magen daji ce ta nahiyar Asiya mai ɗigo-ɗigo, girmanta bai wuce na magen gida ba sosai. Ita aka haɗa da ta gida, wata mata Jean Mill a Amurka ita ta fi yin fice a aikin. 'Ya'yan farko ana ce musu F1, na bayansu F2, haka har F4, kuma daga F4 ne ake ɗaukarsu magunan gida sosai. Na farko-farkon ba na kowa ba ne, suna da tsoro da wuyar sabo. Haka Savannah, ita kuma da serval aka haɗa, magen dajin Afirka mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa, an haifi ta farko a 1986. Ostireliya ma ta hana shigar da ita ƙasar tun 2008 don gudun abin da za ta yi wa namun dajinsu. Duk mai cewa gado ba ya aiki ya je ya ga F1 kusa da F5.

Likita_MB:
Salam. Ni likitan dabbobi ne kuma akwai gefen da ba a taɓo ba wanda shi ya fi damuna a duk wannan zancen. Wani abin da ake tallatawa a matsayin sanyin hali, a gaskiya jiki ne ba ya bari. Ku ɗauki Scottish Fold, mai lanƙwasassun kunnuwa ɗin nan da kowa ke so. Asalinsu wata farar mage ce Susie da aka gani a wata gona a Sikotland a 1961. Abin da ya lanƙwasa kunnen matsala ce ta guringuntsi, kuma guringuntsi ba a kunne kaɗai yake ba, yana cikin gaɓoɓi duka. Duk mai lanƙwasasshen kunne tana ɗauke da wannan matsalar, wata kaɗan wata da yawa, ƙafafu da wutsiya su sandare, amosanin gaɓɓai ya kama ta da wuri. Shi ya sa GCCF, hukumar rajistar maguna ta Birtaniya, ta daina yi musu rajista tun farkon shekarun 1970. To sai ka ji ana yabonta wai ba ta tsalle-tsalle, ba ta hawa kan kaya, mai natsuwa ce. Sau da yawa ciwo ne ya zaunar da ita, mage kuma gwana ce wajen ɓoye ciwo.

Persian mai shafaffiyar fuska sosai ita ma haka, hancin ya matse, numfashi da ƙyar, in ta ɗan yi gudu ta gaji, hanyar hawaye ta toshe shi ya sa Hajjo take goge ido kullum. Ban ce duk shirun Persian ciwo ba ne, suna da sanyi a jininsu, amma in za ku zaɓa ku zaɓi mai ɗan tsinin hanci da ƙofofin hanci a buɗe. Kuma ku riƙe wannan, duk magen da halinta ya sauya farat ɗaya, mai wasa ta koma ɓuya, mai haƙuri ta fara cizo, mai tsafta ta fara fitsari a waje da kwandon yashinta, kafin a ce ta lalace a fara kai ta a duba haƙori da mafitsara da gaɓoɓi. Maman Ilham har ta ƙawar taki, in cizon sabon abu ne gara a duba ta.

Ummi_Fold:
Innalillahi. Likita tawa Fold ce kuma ba a gaya min ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kwanan nan na lura in za ta hau gado sai ta tsaya ta daɗe tana kallo kafin ta yi tsalle, wani lokacin ma ta fasa, kuma ba ta son a taɓa mata wutsiya. Hankalina ya tashi wlh, me zan yi mata?

Likita_MB:
@Ummi_Fold ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, lura da kika yi ita ce babban abu. Ki kai ta a duba a ɗauki hoton ƙashi, akwai magungunan rage ciwo na maguna da suke taimakawa sosai. Amma dan Allah kar ki ba ta maganin mutane, musamman farasitamol, yana kashe mage ko kaɗan ne. Kafin nan ki sa mata ɗan matakala a bakin gado, kwandon yashi mai gajeren baki, wurin kwanciya mai laushi, kuma kar a bari ta yi ƙiba don nauyi yana ƙara wa gaɓoɓin wahala. Sau da yawa in ciwon ya lafa sai mai ita ta ga wasan da ta daɗe ba ta gani ba ya dawo.

Ummi_Fold:
Na gode likita, Allah ya saka da alheri. Zan kai ta in sha Allah.

Nana_K:
Allah ya ba ta lafiya. Ni kuma tawa tambayar kala fa? Na sha jin ana cewa masu ruwan lemo sun fi son mutane, masu kala uku kuma masifa gare su. Tawa mai kala uku ce kuma gaskiya ba ta da haƙuri ko kaɗan.

Dalibar_Kimiyya:
@Nana_K abin da aka tabbatar shi ne kalar ruwan lemo tana tafiya ne a kan ƙwayar gado ta X, shi ya sa masu kala uku kusan dukkansu mata ne, masu ruwan lemo zalla kuma akasarinsu maza. To wani abin da ake jingina wa kala yana iya zama bambancin mace da namiji ne, ko kuma abin da DanMalam ya faɗa ɗazu na mutum ya ga abin da yake tsammani. Hujjar kala ba ta kai ta jinsi ƙarfi ba ko kusa. Wani abu kuma da zai ba ku mamaki, a ƙarshen 2001 a Jami'ar Texas A&M aka samar da mage ta farko da aka kwafo daga ƙwayar halittar wata, aka sa mata suna CC. Wadda aka kwafo ɗin, Rainbow, mai kala uku ce, amma CC ta fito ba ruwan lemo a jikinta, kuma waɗanda suka san su sun ce Rainbow mai kamewa ce CC kuma mai wasa da son bincike. Ƙwayoyin gado iri ɗaya sak amma maguna biyu daban.

DanMalam88:
Yawwa, kin ga kin dawo kan maganata kenan.

Dalibar_Kimiyya:
Rabinta dai Malam, ɗaya rabin yana nan inda na bar shi.

Zee_Kuliya:
Tunda ana zancen kala, Siamese farare tas ake haihuwarsu, daga baya kunne da fuska da ƙafa da wutsiya suke yin duhu don su ne wuraren da suka fi sanyi a jiki, launin a wuri mai sanyi kaɗai yake fita. Wani abu kuma da ban faɗa ba ɗazu, tawa tana tsotsar bargo har ta tauna, likita ya ce an fi ganin haka a Siamese da Burmese da danginsu, kuma a kula kar ta haɗiye zare.

Mubarak_S:
Ni Sphynx gare ni, marar gashin nan da asalinta daga Toronto ta Kanada ne a 1966. Ban taɓa ganin mage mai manne wa mutum irinta ba, cikin riga take shiga, cikin bargo take kwana, baƙo ma in ya zauna ta haye cinyarsa kenan. Wani abokina ya ce ba so ba ne ɗumi take nema tunda ba gashi. Ƙila da hakan a ciki amma ko an kunna mata abin ɗumama ɗaki ni take bi, in na dawo tana bakin ƙofa. Ita ma dai ba ta jure zaman kaɗaici, ga wanka a kai a kai saboda maiƙon fata.

Maman_Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma mu ɗan dawo kan tambayata dan Allah. Na fahimci Siamese da Bengal da Sphynx ba nawa ba ne, Fold kuma bayan abin da likita ya faɗa ba zan iya ba, Persian ba ni da lokacin taje. Saura Ragdoll da British kenan ko? To kuma in na je wajen mai kiwon me zan duba don kar in ɗauko mai tsoro irin ta ƙawata?

Baffa_Mai_Maguna:
'Yata abu na farko ki tambayi a ina aka rene su. Daga sati 2 zuwa sati 7 da haihuwa nan ne ƙofar sabo take a buɗe, abin da ɗan mage ya gani ya ji a wannan tsakanin shi zai ɗauka a matsayin abin da ba a tsoro. In a cikin gida ya tashi yana jin muryar yara da ƙarar kwanuka da talabijin, hannaye daban-daban suna ɗaukarsa a hankali, to kin samu. In a keji ya tashi a bayan gida ba mai taɓa shi sai mai zuba abinci, ko takardarsa ta kai tsawon zani zai yi wuyar sakin jiki. Na biyu kar ki karɓa da wuri ko da an matsa miki. GCCF da likita ya ambata sati 13 take cewa, kuma su waɗancan masu binciken na Helsinki a 2017 sun ga waɗanda aka raba da uwa kafin sati 8 sun fi zama masu faɗa. A wajen uwa da 'yan uwa yake koyon iyakar cizo, in ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi wasa ya tashi, a haka yake ganewa. Na uku in kin je ki zauna a ƙasa ki yi shiru kar ki bi kowa, ki ga wa zai zo da kansa wutsiya a sama. Ki je da yaran in an yarda. Ki kalli uwar, in tana gudunki ki yi tunani. Kuma ki nemi shaidar gwajin iyaye, Ragdoll da Maine Coon akwai ciwon kaurin tsokar zuciya a zuri'arsu, Persian da danginta kuma ciwon ƙoda na gado.

In kuma kina son tabbas fiye da haka, ki nemi babba wadda ta riga ta girma. Masu kiwo sukan bayar da waɗanda suka daina haihuwa, halinta ya riga ya bayyana ba sai kin yi canke ba.

Anty_Rabi:
Maman Ilham kin manta Maine Coon. Ni da ita na reni yarana kuma ban ga mai haƙurinta da yara ba, in sun dame ta tashi kawai take ta haye sama. Tana bin mutum ɗaki zuwa ɗaki amma ba naci, kukanta ma ɗan siriri ne duk da girman jikin, namijin yana kai kilo 7 ko 8. Sai dai gashi, amma bai kai na Persian cukurkuɗewa ba. Kowacce kika ɗauko dai ki yi mata wuri mai tsayi da yaran ba sa kaiwa, kuma ki kafa musu doka in tana can ko tana ci ko tana barci ba mai taɓa ta.

Hajjo_Mai_Persian:
Kuma tunda gidan ba kowa da rana ki ɗauko biyu 'yan ciki ɗaya su riƙa ɗebe wa juna kewa. Ragdoll ma fa tana son mutane, wuni ita kaɗai kullum zai dame ta.

Zee_Kuliya:
Hajjo in 'yan ciki ɗaya ne na yarda, amma in babba za ta ɗauko kamar yadda Baffa ya ce to ta tambaya tukuna, wata babbar ba ta son ganin wata mage ko daga nesa. British ɗita har yau haƙuri kawai take da Siamese ɗin, ba ƙawance.

DanMalam88:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa an fi ba takarda muhimmanci fiye da kima. Duk abin da Baffa ya lissafa, sati 2 zuwa 7, kallon uwa, zama a ƙasa, ai ko magen da ba ta da asali haka za a yi mata a samu mai kirki. Tawa ba ta da takarda ko ɗaya kuma yarana a jikinta suke barci. Abin da na karɓa daga yau shi ne na Bengal da na uban nan, waɗannan kam ba musu.

Abu_Sudais:
Malam ba wanda ya ce marar takarda ba ta da kirki ai. Bambancin shi ne da mai asali kana da ɗan hasashen abin da za ka samu, marar asali kuwa sai abin da ka gani.

Maman_Ilham:
Baffa saura ɗaya. Na yi magana da wata mai kiwon Ragdoll yanzu, ta ce uwar tana nan zan gani amma uban ba nata ba ne, kai uwar aka yi wajensa aka dawo da ita. To ya zan yi da zancen halin uban?

Baffa_Mai_Maguna:
Haka aka saba yi, ba abin damuwa ba ne, da yawa ba sa ajiye muzuru saboda fitsarin da yake fesawa. Ki ce ta ba ki sunansa kamar yadda yake a takarda da shaidar gwajin zuciyarsa, ki roƙi bidiyonsa ana ɗaukarsa ko baƙo yana shafa shi, ba hoto ba, hoto ba ya nuna hali. In an taɓa haɗa su a baya ki tambaya ko za ta haɗa ki da wanda ya karɓi ɗa daga wancan cikin ki ji yadda ya tashi. Mai kiwon kirki za ta ji daɗin waɗannan tambayoyin, ita ma za ta yi miki nata a kan gidanki da yaranki. Satin su nawa yanzu?

Maman_Ilham:
Ta ce sati 6, kuma ba ta bayarwa sai sun cika 13 an gama musu allura. Ta ce in zo da yaran mu gan su kafin nan.

Likita_MB:
Madalla. Ku wanke hannu kafin ku taɓa su tunda ba a gama allurar ba, kuma yaran su zauna a ƙasa a ɗora musu a cinya, kar su ɗauka a tsaye.